Kar ka taɓa kwalayen nan sai na dawo

Yarona, na ga saƙonka bayan sallar asuba. Ka ce mutanen gidauniyar nan mai tallafa wa gidajen rediyo sun sauke kwali goma sha ɗaya a shago, wasu faifai irin na naɗin zaren rikoda da kaset, wasu takardu, har kake tambaya: "Oga, tunda sauti suke so mu juye musu a kwamfuta, in ware rasit-rasit da wasiƙu da takardun taro a zubar? Sun cika mana wuri." Shekara uku kana hannuna, kuma wannan tambayar ce ta fito daga bakinka. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ko takarda ɗaya kar ta fita daga kwalin da ta zo a ciki. Kar ka jera su yadda ka ga ya fi kyau, kar ka haɗa rasit da rasit, wasiƙa da wasiƙa. Yadda mai su ya tara su, haka za su zauna. Faifai ba ya faɗin sunansa. Za ka ɗauko gidansa ka tarar an rubuta "Dukku 4" da biro, shi ke nan. Wa ke magana? Yaushe? Da izinin wa? Takardar kuɗin man da aka sha a tafiyar ce za ta ba ka ranar. Wasiƙar da aka aika wa hakimi ce za ta ba ka sunan dattijon. Takardar zaman kwamitin amintattu ce za ta nuna ko sautin mallakar gidauniya ne ko na gidan rediyo. In ka je ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ko Arewa House, za ka ga fayil na zamanin Turawa har yau da lambarsa ta asali, kuma da ita ake nemo shi.

Bari in gaya maka abin da ya sa hannuna yake rawa ina rubuta wannan. Lokacin ina kamar kai, Gombe tana cikin jihar Bauchi, don sai a 1996 aka cire ta. Akwai wata ƙaramar gidauniya ta 'yan kasuwa da malaman makaranta da ke biyan kuɗin fili a rediyo, tana sayen faifai da batir, tana zuba mana mai, don a yi shirin tarihi da na noman auduga. Ni ke rataye da rikoda Uher a kafaɗa, muna ɗauka zare yana gudun inci bakwai da rabi a daƙiƙa. Mun shiga Nafada, mun shiga Deba da Kaltungo, mun ɗauki Fulatanci da Bolanci da Teranci da Tangale. A wani ƙauye wajen Bajoga muka zauna da wani tsoho wanda mahaifinsa ya ga yaƙin Bormi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Wajen awa biyu yana ba mu abin da ya ji daga bakin ubansa, yana yi yana share hawaye da hannun riga. Minti goma sha biyar kawai aka sa a iska. Sauran yana kan faifai, kuma a wurinmu kaɗai yake, domin a zamanin gidajen rediyo ko'ina a duniya suna goge faifai su sake ɗauka a kai saboda tsadarsa. Sakataren gidauniyar, Allah ya jiƙansa, yana da manyan littattafai masu baƙin bango. Kowane faifai da lambarsa, da garin, da mai magana, da harshen, har da goron da aka ba shi.

Dattawan da suka kafa ta suka rasu ɗaya bayan ɗaya, 'ya'ya suka gaji kujeru. Sai ga wani ɗan kwangila da kwat da jakar kwamfuta, baki kamar zuma, ya ce zai mayar da komai kan faifan CD a wata biyu, a huta da ƙura. Makullin sito yana hannuna. Ya zo da 'yar takarda daga shugaban gidauniyar, na miƙa masa, ban ƙirga ba, ban sa ya sa hannu ba. Wannan kuskuren nawa ne, kuma ina ɗauke da shi har gobe.

Ya ɗauko wani yaro da bai taɓa zarga zare a na'ura ba, ya zaunar da shi gaban tsohuwar na'urar sauraren faifai ta Revox da ba a wanke kanta mai karanta zare ba. Abin da ya yi magana suka juye a MP3 mafi ƙanƙanta don ya shiga CD kaɗan, suka sa masa suna na ɗaya, na biyu, na uku. Wanda zarensa ya yi danƙo yana kuka a kan na'ura suka ce ya mutu, suka warware zaren a bola, ƙarafan suka tafi hannun 'yan gwangwan. Faifan Bormi yana cikinsu. Da ya tambaye ni, da na gaya masa cewa danshi ne ya shiga abin da ke riƙe da garin maganaɗisu a jikin zaren, kuma ana gasa irinsa a zafi mara yawa, wajen digiri 50, na tsawon sa'o'i, ya huce, a samu a juye shi. Bai tambaya ba, don a ganinsa ni ɗan dako ne mai riƙe makulli.

Takardun kuwa a kilo ya sayar. Ban sani ba sai wata rana da yamma na tsaya sayen ƙosai a bakin tasha, aka naɗe mini a takarda, na buɗe na ga rubutun marigayi sakatare, mai ya jiƙa shi: lambar faifai, Nafada, sunan wata tsohuwa. Na ce wa mai ƙosan ta ba ni duk abin da ya rage, na biya ta. Shafi goma sha tara na samu, suna cikin akwatina har yau. Na je wurin shugaba da su, ya ce ai komai yana CD. Ba a yi shekaru da yawa ba CD ɗin masu arha suka fara ɓarewa ta baya, rabi suka ƙi buɗewa. Waɗanda suka buɗe, muryoyi ne na bayin Allah da babu wanda ya san ko su wane ne. Kuɗin wata uku da na yi ina jera wa ɗan kwangilar kaya ma bai biya ni ba. Kuɗin na bar shi da Allah, muryar tsohon nan ce ban yafe ba.

Ku 'yan yanzu kun ɗauka abin da ya shiga waya ya tsira. Waya nawa ka canza tun zuwanka wurina? Ina hotunan da ke cikin ta farko? Ba ku da haƙurin zama da alƙalami, komai sai a ɗauki hoto a wuce, kuma in an yi muku faɗa ku ce tsoho ya cika mita.

Yadda ake zarga zare da wanke kan na'ura ba zan tsaya maimaita maka ba, in ba ka iya ba zuwa yanzu ka koma gida. Abin da za ka yi kafin in iso shi ne ka sayi littafi mai kauri, ka ba kowane kwali lamba, ka rubuta abin da ke ciki bi da bi, wakilinsu ya sa hannu kai ma ka sa. Ɗaga kwalayen daga ƙasa saboda gara, ka nisanta su da bangon da ke tsatsafa da damina, da lasifika. Faifai a tsaye yake zama. Wanda ka ji yana warin tsami, ko ka ɗaga shi a haske ka ga hasken yana ratsa naɗin zaren, asitet ne, wato tsohon nau'in zare: ware shi daban, kuma irinsa ba ya shiga zafi ko kaɗan. Mai fumfuna kar ka hura shi da baki. Kowane kaset ka karya ɗan harshen da ke samansa don kar wani ya danna ɗauka bisa kuskure. In mun fara juyewa, WAV za mu yi, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, kilohaz 96 da bit 24 kamar yadda ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawara, kwafi uku, ɗaya a wani gini daban. MP3 na saurare ne kawai. Lambar da ke jikin faifai ita ce sunan fayil, ita ce kuma a littafi.

In sun matsa maka cewa su sauti kawai suke so, ka ce Oga ya ce asalin faifai da takardu za su koma hannunsu a ƙirge, da sa hannu, ko kuma su zo su kwashe aikinsu. Ina Bauchi wajen jana'iza, jibi in Allah ya yarda zan shigo motar safe. Makullin sito ya kwana a aljihunka, ko wa ya aiko da takarda.