Wane mazaunin kibiya zan ɗora wa bakana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Ohio ta Amurka, bana na sayi baka na zamani mai tayoyi don farautar barewa daga kan bishiya. Da mazaunin kibiya mai suna Whisker Biscuit ya zo, amma abokan harbi sun matsa sai na koma mazaunin kibiya mai faɗuwa. Na shiga kanti na ga iri-iri har kaina ya ɗaure. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'a.

Kibiyarmu ta gida ta kyauro ba ta da fiffike, a kan hannu maharbi ke ɗora ta ya saki tsirkiya. Taka kuwa tana da fikafikan roba uku ko huɗu a gindi, tana fita da gudun da ya doshi ƙafa 300 a daƙiƙa. Fiffike ɗaya ya gogi wani abu a hanyar fita, sai gindin kibiya ya karkace. Aikin mazauni mai faɗuwa ke nan: ya tallafi kibiya lokacin ja da farkon tafiyarta, ya kwanta kafin fikafikai su iso.

Kada dai abokai su sa ka raina abin da ke hannunka. Whisker Biscuit zoben gashin buroshi ne, ba abin da ke motsi cikinsa balle ya lalace, kuma ko kife bakan ka yi kibiya ba za ta faɗi ba. Aibinsa shi ne fikafikai ta cikin gashin suke kutsawa, a hankali su lanƙwashe. In harbinka bai wuce yadi 20 zuwa 25 ba, barewa ba za ta san bambanci ba. Daga yadi 40 abin ke fara nunawa, musamman da kan kibiya mai wuƙaƙe.

Masu faɗuwar iri biyu ne, igiyarsu ce ta raba su. Na farko ana ɗaure igiyarsa a kebul ɗin baka (igiyar da ke haɗa tayoyinsa) da ke yin ƙasa lokacin ja, shi ke ɗaga cokalin da kibiya ke kai. QAD Ultrarest da Ripcord suna nan. Abin da ya sa mafarauta ke son QAD: da babban yatsa kake ɗana shi, kibiya ta zauna a tsare tsakanin cokali da sandar sama. In ka ja baka, barewa ta juya, ka sassauta a hankali, ba ya faɗuwa. Wanda ya yi awa uku kan bishiya cikin sanyin Disamba, yatsu sun ƙage cikin safar hannu, ya san darajar wannan. Wahalarsa a ɗauri take. A ƙa'ida cokalin ya gama miƙewa a incin ƙarshe na ja. Igiya ta yi sako-sako, ba zai tashi sosai ba. Ta yi tsauri, ta riƙa jan kebul har tayoyin biyu su daina juyawa tare. Kebul ɗin ma yana miƙewa da amfani, sai an sake dubawa.

Na biyu a reshen baka ake ɗaure igiyarsa, kamar na Vapor Trail da Hamskea. Kana ja reshe na lanƙwasa, igiya ta saki, sifirin ya ɗaga cokali. Ka saki, reshe ya koma ya fizge shi ƙasa. Ya fi daɗewa yana tallafe da kibiya, kuma za ka ɗaura shi a gida ba tare da injin matse baka ba. Ko igiyar ta tsinke a daji, da ɗan guntun wata za ka gyara. Sai dai doguwa ce, tana iya sarƙe reshen itace, kuma kafin ja kibiya a kwance take cikin kejin da ya kewaye cokalin, tana ƙwanƙwasa ƙarfe in ba ka manna ƙyalle mai laushi ba. Barewa mai farar wutsiya ba ta yafe wannan ƙarar.

Ni a ganina, tunda sabon hannu ne kai kuma zaman bishiya za ka yi, ɗauki mai kebul da ke tsare kibiya, ka bar mai kanti ya ɗaura maka a gabanka. In kai mai son taɓa kayanka ne da kanka, ko kanti ya yi maka nisa, mai reshe ya fi. Duba bayan mariƙin bakan ma: sababbin bakunan kamfanonin Mathews da Hoyt suna da gurbin da mazauni ke shiga kai tsaye, waɗanda ba su da shi kuwa da ƙusa ake ɗaurawa a ramin gefe. Ka tabbata kuma na dama ne ko na hagu.

Bayan ɗauri, a fara da kibiya kusan inci 13/16 daga jikin mariƙi. Shafa jan baki a gefen fikafikai ka harba; ka ga ja a cokali, bai faɗi da wuri ba. Sannan ka harba ta cikin takarda daga ƙafa shida, ana son rami zagayayye da tsagin fikafikai daidai. Lokacin farautar baka a Ohio ƙarshen Satumba yake buɗewa, don haka ka gama wannan tun Agusta, ka gwada da ainihin kan da za ka shiga daji da shi.