Ga ɗan'uwan da ke son tafiya Umara yana kan karɓar diyyar rauni

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. In na fahimce ka daidai, ka faɗo daga kan tsani a wurin aiki, ƙashin cinya ya karye, an yi maka aiki wata huɗu da suka wuce, ana biyanka diyya, yanzu kuma yayanka ya biya maka kujerar Umarar azumi, kana tsoron kada tafiyar ta sa a tsayar maka da kuɗin. Na ga wasu sun ce ka sulale kawai, wa zai sani. Ni na taɓa sulalewa, shi ya sa na kasa wuce tambayar nan.

Ina aiki a sito na wani kamfani nan cikin Sakkwato, jerin buhunan taki ya zame ya danne mini ƙafar hagu. Ƙashin ƙwauri ya karye gida biyu, aka sa ƙarfe. Ina cikin wata na uku, ina dogara sanda ɗaya, sai bikin ƙanwata ya taso a Kano. Ranar da zan tafi, tsohuwata ta bi ni da kallo har bakin zaure ta ce, "Ina za ka da wagga ƙafa?" Na ce kwana huɗu ne kacal, Inna. Ban gaya wa likita ba, ban gaya wa ofis ba. Na shiga mota a tasha, mu huɗu a baya, ƙafa a lanƙwashe tun daga Talata Mafara har Gusau har Funtuwa. Kafin mu isa, takalmin soso ma ya ƙi shiga, ƙafar ta yi suntum kamar an hura ta. Kwana huɗu ya koma sha ɗaya, don ban iya sake shiga mota ba. A cikin kwanakin nan na rasa ranar ganin likita, na rasa zaman gashi uku.

Wannan duk da sauƙi. Ranar ɗaurin aure, mai hoto ya ce in ajiye sandar don hoto ya yi kyau. Na jingine ta da bango, na tsaya tsakiyar abokan ango da babbar riga ina washe baki, nauyina duk a kan ƙafar dama, hannuna a kafaɗar na kusa da ni. Tsayuwar ba ta kai minti ɗaya ba. Wani ya ɗora a Facebook, wani abokin aikinmu ya gani, ya nuna wa na gaba da shi. Na dawo na tarar da takardar tuhuma tana jirana: ta yaya wanda rahoton likita ya ce ba ya iya tsayuwa ba sanda yake Kano yana biki? Hoto ba ya nuna kumburi, ba ya nuna sandar da ke jingine a gefe. Sai da aka sake hoton ƙashi, likita ya sake rubuta rahoto, sannan fayil ɗina ya motsa. Wata biyu ina cin bashin mai shago. Kuma in faɗi gaskiya, ba wanda ya zalunce ni, ni na miƙa musu igiyar.

Bayan nan ne na nemi dokar na karanta. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ce, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1987, hukumar NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya, ke gudanar da ita. Kamfani ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma ba a yarda ya cire shi daga albashinka ba. Ma'aikaci ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14 da samun rauni, su kuma su kai rahoto cikin kwana 7, neman diyyar kuma cikin shekara ɗaya. Ba ɗaurin talala ba ce, ba ta ce mai karɓar diyya ya zauna gida kamar mai takaba ba. Amma komai nata a kan rahoton likita yake tafiya. Likita ke cewa raunin na ɗan lokaci ne ko na dindindin, shi ke cewa ka warke ko da saura. Wanda aka riga aka yanke wa nakasa ta dindindin gaba ɗaya, mai karɓar kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, tafiyarsa ba ta cika tada ƙura ba. Kai da kake tsakiyar jinya, ba a gama auna ka ba, duk abin da ka yi da ya saɓa wa abin da ke rubuce a fayil, tambaya ce za ta biyo baya.

Ka fara bincika ma wa ke biyanka. Kamfanoni da yawa a garin nan ba su yi rajistar ma'aikatansu ba, maigida ne ke ba da wani abu daga aljihunsa ana kiransa diyya. In haka ne naka, to ka ƙara taka-tsantsan, don wanda ke bayarwa don ganin dama, hoto ɗaya ya ishe shi dalili.

Da ni ne kai, likitan ƙashin da ya yi aikin zan fara samu, kafin maganar biza ta yi nisa. Kada ka ce masa "zan ɗan yi tafiya". Faɗa masa Umara ce, a azumi, cikin cunkoso. Ɗawafi zagaye bakwai, Safa da Marwa sawu bakwai wanda shi kaɗai ya haura kilomita 3, ga tafiya daga masauki zuwa Harami sau biyar a rana in ka ce jam'i ba zai wuce ka ba. Ka tambaye shi zaman jirgi ma, domin wanda aka yi wa aiki a ƙafa bai daɗe ba yana cikin haɗarin daskarewar jini a jijiya in ya yi awoyi a zaune wuri ɗaya. In ya ce je ka, ya rubuta, da hatimin asibiti, da sharuɗɗansa: a keken guragu za ka yi ɗawafi, ba ɗaukar kaya, ranar kaza za ka dawo a duba ka. "Ba komai, Allah ya kiyaye hanya" na baki ba ya shiga fayil. In ya ce a'a, to Umara ba ta ƙarewa, ka roƙi yaya ya ɗaga maka zuwa bayan aikin Hajji.

Kada keken ya ba ka kunya. Mai uzuri ɗawafinsa a keke ya yi, sallarsa a zaune ta yi, tambayi duk malamin da ka yarda da shi. Akwai masu turawa a Harami ana biyansu. Abin da na fi ji maka tsoro shi ne shauƙi: mutum ya ga Ka'aba ya manta da karaya, ya miƙe ya kutsa cikin mutane, a bangaje shi ƙarfe ya goce.

Daga nan sai ofis. Har yanzu ma'aikacinsu ne kai, hutun jinya kake, kuma hutun jinya daban yake da hutun shekara. Rubuta takarda gajera, ranar tafiya da ranar dawowa, ka haɗa da kwafin ta likita, ka kai wa mai kula da ma'aikata, ya buga maka hatimin karɓa a naka kwafin. In ta NSITF ake biyanka, ka kai musu kwafi su ma, ka tambaya ko akwai ranar tantancewa da ta faɗo cikin kwanakin. Ranakun gashi kuma a matsar da su tun kafin ka tashi, kada a rubuta maka "bai zo ba" kamar yadda aka rubuta mini har sau uku.

Wani abu da mutane ke wasa da shi: magani. In cikin abin da aka rubuta maka akwai tramadol ko mai kodin, Saudiyya ba ta ɗaukar wannan da sauƙi ko kaɗan. Ka riƙe shi a kwalinsa, daidai na kwanakinka, da takardar likita mai sunanka. Kada ka karɓi ƙullin kowa a filin jirgi, ko na surukinka ne. Takardar nan za ta yi maka amfani kuma in na'urar bincike ta yi ƙara saboda ƙarfen cinyarka.

Hoto kuwa, ban ce ka ɓoye ba, tunda ka sanar babu abin ɓoyo. Amma in za a ɗauka, a ɗauke ka yadda kake, da sandarka ko a kekenka. Kuma in ka dawo, kafin ka fara rabon dabino da zamzam, ka je a duba ƙafar a rubuta ranar. In ka isa gaban Ɗakin, ka sa ni a addu'a, tawa ƙafar har yau tana yi mini tsami duk sanyin hunturu.