Hukuncin kuɗin da manhaja ke mayar wa mai saye, da makin garaɓasa

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, ina sayen kaya ta intanet, ina biya ta Orange Money ko MoMo. Wasu manhajojin suna mayar mini da kashi 2 ko 5 cikin ɗari na abin da na kashe, wasu kuma maki suke tara mini. Yanzu an kawo mana wata da sai ka biya sefa 10,000 na rajista, ka riƙa danna talla kullum ana biyan ka, in ka kawo mutane a ƙara maka. Wanne ne halas?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, abubuwan da ka haɗa hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Duk kuɗin da ya shigo maka, ka duba wa ya ba ka shi, kuma a madadin me.

In ka sayi kayan sefa 50,000, mai kayan ya mayar maka da 1,000, to rangwame ne ya yi maka bayan an gama ciniki, kuɗin kayanka na gaskiya 49,000 ne. Wannan halas ne, kamar gyaran da mai awo ke ƙara maka a kan mudu. Haka in manhajar dillali ce tsakaninka da mai kaya: la'ada take karɓa a wurinsa, ta yago maka wani abu daga ciki, kuma mutum yana da ikon yin kyauta da haƙƙinsa. Sharaɗi dai kayan su zama na halas, kuma kada a ɗaga farashi don a biya ka da kuɗinka.

Makin da ake tarawa ma haka yake in shiga kyauta ce. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Doha a 2003, ta halatta katunan maki irin na otal-otal da kamfanonin jirgin sama idan ba a biya komai ba, ta kuma hana idan sai an saya, saboda garari: ka ba da kuɗi sananne, ba ka san abin da zai dawo ba. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari.

Inda nake son ka buɗe ido shi ne kuɗin da ke kwance a asusun waya. Malamai da yawa na wannan zamani suna ɗaukarsa a matsayin bashi ne ka ba kamfani, tunda yana hannunsu kuma dole su biya ka duk sa'ad da ka nema. Saboda haka in aka ce ka bar 100,000 wata guda za a ƙara maka wani abu, wannan riba ce, ko da an kira ta kyauta. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa rancen da ke jawo amfani bai halatta ba. Amma in ladan yana bin sayayya ne, kamar ka sayi katin waya ta asusun a ƙara maka mintoci, ba ya bin yawan kuɗin da ka ajiye ko daɗewarsu, abin da na fi natsuwa da shi halas ne, duk da akwai malaman da suka ƙi shi don tsantseni. Katin bashi mai kuɗin ruwa in an makara biya kuwa, ita waccan majalisar ta hana shi tun 2000, komai garaɓasar da ke cikinsa.

Mai rajistar 10,000 ɗin haramun ce, kada ka shiga, kada ka kai kowa. Babu wata haja da ake sayarwa, danna tallan rufa-rufa ce kawai, kuɗin sababbin shiga ake raba wa na farko. Yi lissafi da kanka: in kowa sai ya kawo mutum 5, hawa na 11 kaɗai yana buƙatar fiye da mutum miliyan 48, abin da ya zarce al'ummar Kamaru gaba ɗaya. Dole ta tsaya, kuma na ƙasa ne ke asara, yawanci 'yan'uwa da maƙwabtan da suka yarda da kai. Haka MMM, wata harka mai irin wannan tsarin, ta rufe asusun mutane a Najeriya a Disambar 2016. Caca ce da cin dukiyar mutane da ɓarna, wanda Allah ya hana a Suratun Nisa'i, aya ta 29. Wanda ya riga ya shiga ya karɓi uwar kuɗinsa kawai, abin da ya hau kai ya mayar wa waɗanda ya jawo.

Abu biyu kuma 'yan kasuwa ke sakaci da su. In aike ne aka ba ka, ko kai yaron shago ne ka saya da kuɗin maigida, abin da aka mayar nasa ne sai in ya bar maka, domin rangwame ne a kan dukiyarsa. Sa'annan in za ka sayar a kan cewa "ga yadda na saya, ɗora mini riba kaza", 49,000 za ka faɗa, ba 50,000 ba. Wallahu a'alam.