Amsa ga baban yaron da ke son zagayen filayen besbol da ɗansa

Salamu alaikum ɗan'uwa, wallahi da na karanta tambayarka sai da na ji wani abu a ƙirjina, yaro ya shiga besbol a makaranta ya dame ka da a kai shi kallo, tikitin Braves, babbar ƙungiyar besbol ta Atlanta, ya fi ƙarfin aljihu, ga kuma wani a Facebook yana cewa zai sayar maka da nasa da araha. Don Allah don Annabi kar ka tura wa mutumin nan ko sisi.

Ni haka aka yi min. Nawa yaron ba shi da magana sai ta Dudy Noble Field na jami'ar Mississippi State da ke Starkville, inda mutane ke gasa nama a bayan fili suna kallo, to wasan ƙarshen mako ne tikiti ya ƙare, sai wani ya ce yana da guda biyu, har da kirana brother, har da tambayar sunan yaro wai Allah ya raya. Na tura kuɗi ya turo hoton tikiti. Muka taso daga Atlanta da asuba, tafiyar sama da awa 4, yaron nan bai runtsa ba yana rungume da safar hannunsa ta kama ƙwallo, muka isa ƙofa matar ta ɗora na'ura ta ce an riga an shiga da tikitin nan. Ta sake gwadawa, haka. Na kira shi ya toshe ni. Muna jin ihun mutane daga ciki, yaro bai yi kuka a wurin ba sai da muka shiga mota ya ce Baba ko don mu ne, wallahi wannan kalmar har yau tana min ciwo, kuma mutumin nan ya san da yaro zan je, na gaya masa da bakina, ya san komai ya yi. Kuɗin ba su dame ni ba. Ban yafe ba, na bar shi da Allah.

To ka sayi tikiti a shafin ƙungiyar kanta ko a tagar fili. Ƙananan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin manya irin su Braves ba sa tsada kuma yaro zai ga 'yan wasa kusa da kusa har su sa masa hannu a ƙwallo. Gwinnett Stripers na nan Lawrenceville a bayan gidanku, akwai garin Rome na nan Jojiya, akwai Columbus da suka samu ƙungiya a 2025 bayan ta taso daga Mississippi. Yawanci ba a wasa ranar Litinin, Talata zuwa Lahadi ake yi, daga Afrilu zuwa Satumba. Na jami'a kuwa tun Fabrairu suke farawa, kafin a ba yara hutun bazara sun kusa gamawa, sai dai ka ajiye wannan sai baɗi.

Amma in wuri ɗaya kawai za ka iya zuwa to ka je Rickwood Field a Birmingham. An buɗe shi a 1910, babu filin ƙwararru da ya girme shi a Amurka. Nan Black Barons, ƙungiyar baƙar fata ta Birmingham, suka yi wasa lokacin da ba a barin baƙar fata su shiga manyan ƙungiyoyi, nan shahararren ɗan wasa Willie Mays ya buga a 1948 yana ɗan shekara 17, kuma ya rasu kwana biyu kafin wasan da manyan ƙungiyoyin Giants da Cardinals suka yi a filin a Yunin 2024. Ni dai na zaunar da ɗana a bencin nan na ba shi labarin yadda ake ware wa baƙaƙe wurin zamansu daban, yaranmu da aka haifa a ƙasar nan ya kamata su san wannan, makaranta ba ta gaya musu duka. Ka kira su kafin ka taso don ba kullum ƙofa ke buɗe ba, ƙungiyar garin ta yanzu, Birmingham Barons, a wani fili daban, Regions Field, take wasa. Kuma agogon Alabama yana bayan na Jojiya da awa 1.

Abinci kuma, hot dog ɗin nan ka tambaya ko halal ne, in ba haka ba ka haƙura, mu gyaɗa da gugguru muke saya, Hajiya ta ɗaura mana dambun nama mu ci a mota don filaye da yawa ba sa bari a shiga da abinci. Ka guji daren Alhamis, a wurare da dama ranar ake karya farashin giya, ba wurin yaro ba ne. Juma'a ko Asabar sau da yawa akwai wasan wuta bayan an tashi. Ka sa darduma a but ɗin mota, magariba a fili za ta same ku. Ruwan Yuli kuma ba ya sallama, in an fasa wasa kar ka yar da tikitinka, ana canza maka da wata rana.

In mutumin nan ya sake yi maka magana ka turo wa admin sunan shafin a duba, ina zargin irin su ɗaya ne. Ka gaida min yaron, wane gurbi yake bugawa?