Tambayi Likita: Cutar Wilson

Tambaya: Likita, mun ji sunan cutar Wilson a aji. Shugaban Amurka Woodrow Wilson ne ya yi fama da ita? (Ɗalibin makarantar jinya, Zariya)

Amsa: A'a, suna ne kawai ya zo ɗaya. Woodrow Wilson shanyewar ɓarin jiki ta same shi a 1919. Haka ma Harold Wilson, firaministan Birtaniya lokacin yaƙin basasar Najeriya, babu ruwansa. Mai sunan shi ne Samuel Kinnier Wilson, likitan ƙwaƙwalwa da ya bayyana cutar a Landan a 1912. Cuta ce ta gado da ke sa sinadarin jan ƙarfe ya taru a jiki.

Tambaya: Ɗana mai shekara 14 shawara tana ta dawo masa, yanzu hannunsa na rawa, maganarsa ta yi nauyi. Gwajin ciwon hanta bai nuna komai ba. Dangi sun ce iska ce. (Wata uwa, Maraɗi)

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ba zan yanke hukunci daga nesa ba, amma shawara da rawar hannu a jikin matashi sun isa a nemi cutar Wilson. Sinadarin jan ƙarfe da ke cikin abinci, hanta ce ke fitar da rararsa. A wannan cuta ba ta iyawa, sai ya taru a hantar, daga nan ya wuce ƙwaƙwalwa da ido. Shi ya sa hali ke sauyawa, karatu ya ja baya, mutane su ce aljanu ne. Ki kai shi babban asibiti a auna jan ƙarfe a jininsa da fitsarin awa 24, likitan ido kuma ya duba ko akwai zobe mai ruwan ƙasa a gefen baƙin ido. Kusan mutum 1 cikin 30,000 take kamawa, don haka ba kowane likita ne zai fara tunaninta ba. Ki ambace ta da bakinki. Tana da magani, irin su penisilamin da zink, amma shansu har ƙarshen rayuwa ne. Jiƙe-jiƙen shawara kuwa a dakata da su, hantar ta riga ta wahala.

Tambaya: Yayana na da ita, ni kuma 'yar kawuna zan aura. (Wani matashi, Kano)

Amsa: Gadonta ake yi kamar sikila: sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita, sannan kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haka. Fara gwada kanka ko da lafiyarka ƙalau, sauran ƙannenku ma haka, sannan ku je wurin likita kai da yarinyar kafin a sa rana.