Hukuncin kallon fim ɗin zane na Japan a kan abota da ƙuruciya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar shekara 17. Na kalli wani fim ɗin zane na Japan, irin wanda ake kira anime, a kan 'yan mata huɗu da suka ƙulla abota suka tafi Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya, don kada ƙuruciyarsu ta wuce ba su yi komai ba. Ya taɓa zuciyata sosai. Amma yayana ya ce haramun ne tunda zanen mai rai ne. Ina da zunubi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya.

Fim ɗin da kike nufi kamfanin Madhouse ne ya fitar da shi a 2018, kashi 13. Ɗaya daga cikin 'yan matan yarinya ce da mahaifiyarta ta ɓace a Antatika, ta yi ta aikin ƙarfi bayan makaranta har ta tara yen (kuɗin Japan) miliyan ɗaya don ta je inda uwar ta tsaya, 'yan ajinsu suna yi mata dariya. Labari ne ƙagagge, kowa ya san ƙagagge ne, don haka ba ya shiga babin ƙarya, kamar dai tatsuniya.

Maganar yayanki tana da tushe, kada ki raina ta. Hadisai ingantattu a Buhari da Muslim sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu suranta abu mai rai. Sai dai malamai sun saɓa a kan wace sura ake nufi. A mazhabar Malikiyya, wadda aka haramta ita ce sura mai inuwa, wato mutum-mutumi mai cikakkun gaɓoɓi. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango makaruhi ne, bai kai haram ba, saboda togaciyar da ta zo a hadisin Abu Ɗalha: sai dai zane a jikin tufa. Ibnu Abi Zaid ya faɗi a Risala cewa zane a jikin tufa ba ya ma cikin abin da aka karhanta, ya ƙara da cewa barinsa ya fi. Wasu malaman sun haramta zanen gaba ɗaya, kuma ra'ayinsu abin girmamawa ne. To amma ko a wurinsu, gargaɗin ya fi sauka a kan mai zanawa da mai ratayewa a bango. Ke kallo kika yi, hoton kuma yana wucewa a fuskar waya, in an kashe ya tafi. Ga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yar tsana a gidan Annabi (SAW), har da doki mai fukafukai, ya gani ya yi dariya, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito.

Saboda haka abin da nake gani shi ne kallon halal ne, ba ki da zunubi, matuƙar an kiyaye abin da ke ciki. Anime ba abu ɗaya ba ne. Akwai masu tsiraici da batsa, waɗannan haramun ne ko da zane ne. Akwai masu nuna ziyarar wuraren bautar Shinto, addinin gargajiya na Japanawa, ana tafa hannu ana roƙon wanin Allah ko ana rataya layu. Ki san al'adarsu ce, zuciyarki ta ƙi ta, kada ki kwaikwaya. Kiɗa kuwa mafi yawan malamai sun hana, don haka ki tsallake waƙar farko da ta ƙarshe. Haka tafiya mai nisa ba muharrami, abin da 'yan matan suka yi ba hujja ba ne gare ki.

Inda na fi so ki tsaya shi ne abin da ya taɓa miki zuciya. Tsoron kada ƙuruciya ta salwanta, wallahi addininki ya riga Japanawa faɗar sa. Hakim ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi (SAW) ya ce a ribaci biyar kafin biyar, na farkonsu ƙuruciyarka kafin tsufanka. Tirmizi kuma ya kawo cewa za a tambayi bawa ƙuruciyarsa, a me ya ƙarar da ita. Kashi 13 na minti 24 sun ɗan haura awa biyar. Wannan ba laifi, Annabi (SAW) ya ce wa sahabi Hanzala lokaci da lokaci, wato akwai lokacin ibada, akwai na hutu. Abin da ke damuna shi ne matasan da ke gama wannan su buɗe wani, dare ya raba, Asuba ta kuɓuce, suna kallon wasu suna cin moriyar ƙuruciya alhali tasu na zagwanyewa. Idan ya kai haka, hukuncin ya canza: abin da ya sa aka bar salla a kan lokaci ya haramta.

Ki zaɓi abu ɗaya mai wuya ki sa a gaba, hadda ce, ko karatun likita, ko sana'a, ki nemi ƙawayen da za su riƙe ki a kai, irin mai sayar da turaren da hadisi ya kwatanta. Yayanki kuma ki nuna masa wannan amsa cikin ladabi, kishinki yake yi.

Allah ne mafi sani.