Ina Iyakar Ikon Fasto? Amsa ga Ɗan Ƙanena

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce an sa abokinka ƙarƙashin horo, an hana shi Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke tarayya a kai a coci, kana tambaya wa ya ba fasto wannan iko, shi ba mutum ba ne?

Mutum ne mana, amma ba shi ya ƙago abin ba. Buɗe Matiyu 18 daga aya 15. In ɗan'uwanka ya yi laifi, ka same shi ku biyu. In ya ƙi ji, ka koma da mutum ɗaya ko biyu. Sai ya kafe ake kai maganar gaban ikkilisiya, wato jama'ar masu bi. Ka lura, ikkilisiya aka ce, ba fasto ba. Lokacin da nake cikin dattawan ikkilisiya, mukan yi wata uku muna sintiri gidan mutum kafin a ambaci sunansa gaban jama'a. Ranar da ya dawo kuma, mu ke fara miƙa masa hannu.

Horo bai san babba ba. A shekarar 390 sojojin Sarki Tiyodosiyus suka kashe dubban mutane a Tasalonika. Ambros, bishop na Milan, ya rubuta masa cewa ba shi ba jibi sai ya tuba. Sarkin Rum sukutum, ya kuwa sunkuyar da kai a bainar jama'a. Ambros ba soja, ba kurkuku, teburin Ubangiji kaɗai ke hannunsa.

To, ikon ke nan. Fasto ya koyar, ya yi baftisma, ya tsawata. Hakkinsa ne a ɗauki nauyinsa, kuma ba a karɓar ƙara a kansa sai da shaidu biyu ko uku, haka 1 Timoti 5:17-19 ta ce. Aya ta 20 ce wasu ke tsallakewa, inda aka ce shugaban da ya nace da zunubi a tsawata masa gaban kowa. Zaɓa maka mata kuwa, ko leƙa aljihunka, ko yi maka baki, babu inda aka ba shi.

Ka tambayi abokin naka: an same shi a keɓe? Dattawa sun ji ta bakinsa? In daga kan bagade ya fara jin sunansa, ya rubuta wa dattawa, in sun yi shiru ya kai kuka gaba. In kuwa an bi ƙa'ida, ran Lahadi ka zauna benci ɗaya da shi.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka.